Katakon Roba: Amsar Tambayar Yaya Daga Finiks

Salamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna, da uwargida da yara. Ya zafin Sakkwato, ya kuma aikin ginin Arkilla?

Saƙon muryarka ya iso ina bisa aiki, shi ya sa ban amsa nan take ba. Na ji inda kake cewa, "Wanga katako da ba ya ruɓewa, nawa za ya ci in an loda muna shi a kwantena?" Na yi dariya, don na san hoton da na saka a WhatsApp ne ya ja. Wancan dandamalin a bayan gidan wata dattijuwa muka kafa shi, kuma da sanyin safiya na ɗauki hoton, rana ba ta kai kansa ba tukuna. Tun da batun kuɗi ne masu nauyi, gara in zauna in rubuta maka dalla-dalla.

Shekara uku ke nan ina wannan aiki a Finiks, babban birnin jihar Arizona, tare da wani ɗan kwangila mutumin Meziko. Abin da ya sa na ce maganata za ta yi maka amfani shi ne garin nan ɗan'uwan Sakkwato ne wajen rana. A 2023 an jera kwana 31 kullum zafi yana kai digiri 43 ko ya wuce, kuma a Yunin 1990 ya taɓa kai 50. Ruwan da suke samu a shekara bai kai rabin na gida ba. Har guguwar ƙura suna da ita, kuma da sunan Larabci suke kiranta, habub. Kunama ma akwai, gara ma akwai. In na fito da azahar iska ta buge ni a fuska, sai in ji kamar ina Kasuwar Kara a watan Afrilu.

Shi katakon, ba katako ba ne zalla. Dusar katako ce ake haɗawa da narkakkiyar leda, a matso ta daga inji ta fito falanki, sannan a lulluɓe bayanta da wata fatar roba mai tauri da aka yi wa zanen jijiyar itace. Suna ce masa kwamfozit, wato haɗin gambiza. Manyan masu yin sa su ne Trex da TimberTech da Fiberon. Trex, da ke jihar Bajiniya, sun ce kashi 95 cikin 100 na kayan haɗinsu tsofaffi ne da aka sake sarrafawa, kuma dandamali mai faɗin murabba'in ƙafa 500 yana cinye leda wajen 140,000. Ranar da na ji haka ledar fiya wata da ke toshe mana magudanai a Mabera kawai na tuna. Ashe dukiya muke tsallakewa kullum.

Falankin yana zuwa da tsawon ƙafa 12 ko 16 ko 20, faɗinsa inci biyar da rabi, kaurinsa wajen inci ɗaya. Ya fi katakon gaske nauyi, amma ya fi shi laushin jiki, kuma a nan ne aikin yake. Ba ya iya ɗaukar kansa. Dole a fara kafa masa ƙwarangwal a ƙasa, a jera sanduna kamar yadda ake jera azara, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kada ya wuce inci 16. Maigidana inci 12 yake sa mu yi, don ya ce robar da ta sha ranar Arizona lanƙwasa take yi in ta sami sarari. Gefen falankin yana da tsaga, a nan ake maƙala wasu 'yan ƙarafa da ke riƙe shi, shi ya sa ba ka ga kan ƙusa ko ɗaya a hoton ba. Sannan ba a haɗe su gam. Ana barin wajen kwatan inci tsakanin falanki da falanki don ruwa ya zube, a bar ɗan sarari kuma a bakin kowane, saboda da rana yana miƙewa, da dare ya koma. Wanda ya matse shi, kafin zafi ya wuce zai tarar ya yi doro. Mun taɓa kwance wani da mai gidan ya kafa da kansa, duk ya tashi kamar kwanon da iskar farkon damina ta ɗaga.

In faɗi alherinsa tukuna, don yana da shi. Ba ya ruɓewa, ba ya tsagewa ya soki ƙafar yaro, ba ya neman fenti. Gara ba ta samun abin kirki a jikinsa. Wankinsa ruwa da omo da buroshi ne. Garantinsa shekara 25 ne, wasu samfuran har sun fi haka.

To amma Yaya, ka san dalilin da ya sa Ba'amurke yake biyan ninki biyu ko uku na kuɗin katakon gaske don ya sayi wannan? Ba kyau kaɗai ba ne. A nan hannun mutum ya fi kaya tsada. Dandamalin katako sai an goge shi an shafe shi da mai duk bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma in ka kira wanda zai yi maka, kuɗin yininsa ya isa ka riƙe birkila da leburorinsa kwanaki a gida. Mai gidan kuwa ba shi da lokaci, ba shi da yaran gida, ba shi da ƙanen da zai aika. Kuɗin ma'aikaci yake gudu, shi ya sa yake zuba kuɗi a kaya sau ɗaya ya huta. Mu namu lissafin a juye yake. Ma'aikaci yana nan a bakin ƙofa, kayan da aka saya da dala ne ke karya mutum. Ka ɗora kuɗin jirgin ruwa, da na kwastan a Legas, da na tirela daga can zuwa Sakkwato, sai ka tarar maganin ciwon da ba ka da shi ka saya.

Babbar matsalar kuma ita ce zafi, wadda mai talla ba ya fara faɗa maka. Roba ce. In rana ta zauna a kanta, musamman mai duhun launi, ba a taka ta ba takalmi. Muna da wani ɗan ma'auni da ake haskawa a kan abu ya faɗi zafinsa, na sha ganin ya haura digiri 60 a kan baƙin falanki. Da bazara ƙarfe biyar na asuba muke fara aiki, don in hantsi ya yi ko da safar hannu ɗaukarsa wahala ne. Su mutanen nan da takalmi suke fitowa, su zauna a kujera ƙarƙashin laima. Ka kwatanta da gidanka: yara ba takalmi, Inna a kan tabarma tana jan carbi, mai alwala ya tuɓe silifas ya tsuguna da buta. Ga kurfoti. Garwashi ɗaya ya faɗo ya narka wurin, kuma ba a kankare shi kamar katako, sai dai a cire falankin gaba ɗaya. Manja ko man gyaɗa in ya zube ba a goge da wuri ba, yakan bar tabo. Ban ma yi maganar ragon layya da kofatonsa ba.

Abin da zai ba ka mamaki, su kansu mutanen Finiks yawancinsu ba wannan suke sa wa a bayan gida ba. Daɓen siminti suke yi, ko su jera farin dutse, su yi masa rumfa. Dandamalin katako al'adar jihohin da ke da dazuzzuka da sanyi ce. Mu inda muke samun aiki shi ne gidan da ke kan gangare, ko barandar bene, ko gefen wurin ninƙaya.

Sai ƙarƙashinsa. Ƙwarangwal ɗin nan yawanci katakon gaske ne da aka dura wa maganin tagulla da inji. In ka sa katakon kasuwa a ƙasar Arkilla, gara za ta cinye ƙafafun ta bar maka falankin garanti a kwance. Sai dai ƙarfe, kuma wannan masu waldar gida za su iya. Amma ramin da ke ƙasa fa? Ƙurar hunturu za ta bi tsagogin ta taru inda tsintsiya ba ta kai, kunama da ɓera su sami ɗaki kyauta.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne abin da ke kewaye da kayan. Kafin mu haƙa ko rami ɗaya, sai an kira lamba 811, kyauta a zo a shata inda bututun gas da na ruwa da wayar lantarki suka bi, kowane da launin fentinsa. Dandamalin da ya haura inci 30 daga ƙasa dole a yi masa makari, kuma jami'in birni yakan zo ya duba ramukan kafin a zuba kankare. Ɗan kwangila sai da lasisin jiha, kana iya duba lambarsa a intanet, in ya cuce ka akwai inda za ka kai ƙara. In ka sayi falanki ya yi saura, ka mayar Home Depot, babban kantin kayan gini, da rasit cikin kwana 90 su ba ka kuɗinka ba musu. Farkon zuwana sai da na tsaya ina jiran a fara ciniki da rantse-rantse, yarinyar kantin ko kallona ba ta yi ba ta mayar da kuɗin. Wannan duk ba ya shiga kwantena. Garantin shekara 25 da babu wakilin kamfani kusa da kai, takarda ce kawai a cikin akwati.

Amma kada ka ɗauka komai nasu ya fi. A nan in ƙofarka ta lalace, sai ka yi waya a ba ka rana, wani lokaci mako biyu, kuma zuwan kawai kuɗi ne ko bai taɓa komai ba. A gida yaro za ka tura, kafin la'asar kafinta ya zo da zartonsa, ya gama, ku ci abinci tare.

Abu ɗaya na yarda ya fi siminti a kai: kwanan waje. Ka san yadda daɓe yake riƙe zafi har tsakar dare a watan azumin da ya faɗo bazara, sai an yayyafa ruwa kafin a shimfiɗa. Shi wannan, da yake iska tana bi ta ƙarƙashinsa kuma ba shi da kauri, yana hucewa da wuri bayan magariba. Don haka in ranka ya kafe, ka yi ɗan ƙarami kamar gado biyu a haɗe, a kan ƙarfe, mai launin toka-toka ko ruwan ƙasa mai haske, a ƙarƙashin rumfa inda rana ba ta sauka. Ba sai an yi kwantena ba, ana samun irin na Caina a Legas. Ka sa a duba maka bakin falankin: in mai rami-rami ne a ciki kuma ba shi da fatar nan a bayansa, ka bar shi, rana za ta koɗe shi ta busar.

Sauran tsakar gidan kuwa, ga siminti nan a Kalambaina, ba sai ya hau jirgi ba. Ka yi daɓe ko intalok mai haske, ka ɗaga rumfar sosai don iska, ka yi wa Inna dakali a gefen da inuwar yamma take faɗawa. Dogon yaron nan biyu da ke cikin filin, don Allah kada magina su sare su.

Na yanko guntaye biyu, ɗaya baƙi ɗaya mai haske, zan ba wani ɗan Gusau da zai taho gida ƙarshen wata. In sun iso, ka ajiye su a tsakar gida tun hantsi, bayan sallar azahar ka cire takalmi ka taka kowane, sai ka kira ni. Ka tuna awa takwas kuka riga mu, lokacin ina hanyar zuwa aiki, zan ɗauka. Ka turo mini awon filin da hoton inda rana take faɗuwa. In mutumin zai dawo, a haɗo ni da kilishi da ɗan yajin Inna.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka.