Takin Gida ko Takin Zamani: Wanne Ya Dace da Garka a Ƙarshen Damina?

Da zarar Satumba ya kama, masu garka a Damagaram suka fara gyaran fangali domin albasa, tumatir da kabeji, tambayar da ake yawan yi mini ita ce wane taki ya kamata a zuba.

Takin gida, wato kashin awaki, tumaki da shanu, ba ya cin kuɗi sosai, amma jigilarsa a amalanke aiki ne, kuma dole ya ruɓe tukuna, domin ɗanyensa yana ƙona saiwar dashe, yana kuma kawo irin ciyawa da gara. Abin da ya sa nake girmama shi shi ne yana sa ƙasarmu mai rairayi ta riƙe ruwa, ƙarfinsa kuma yakan kai baɗi.

Takin zamani, kamar 15-15-15 da ure, yana nuna aikinsa cikin kwanaki, sai dai yana da tsada, ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke shi, kuma ba ya gyara ƙasa.

Mai dabbobi da ke noma garkarsa ta gado, takin gida ya fi dacewa da shi. Wanda ya yi aron fili a fadamar Miriya ko Gidimuni na rani ɗaya, yana son kai kaya kasuwa da wuri, takin zamani zai fi yi masa amfani.