Gargaɗi ga masu sayen tsofaffin kayan azurfa: tambari huɗu a jere ba shi ne shaida ba

Na rubuta wannan gargaɗi ne saboda abin da ya sami yayata a watan jiya, wanda har yanzu yake ci mini rai. Wani mai tallar kayan gwanjo a Facebook ya tura mata hotunan butar shayi da tire da cokula 12, ya rantse mata cewa azurfa ce zalla daga Ingila, ragowar kayan wani Bature na zamanin mulkin mallaka. Hujjarsa ita ce wasu ƙananan tambura huɗu da ke jere a bayan kowane cokali. Ya matsa mata lamba cewa akwai wata Hajiya da ke jiran kayan, ita kuwa ta tura masa kuɗin da ta daɗe tana tarawa domin kayan ɗakin 'yarta.

Da muka kai wa maƙerin fari, sai ya ɗan goga bayan cokali ɗaya da magagari, farin ya kau, wani ƙarfe mai ratsin rawaya ya bayyana. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ruwan azurfa kawai aka yi wa wannan."

Tamburan da aka yaudare ta da su haruffa ne guda huɗu, E, P, N da S, kowanne a cikin ɗan gidansa, an rubuta su da lanƙwasasshen rubutu irin na da, har mai kallo ya ɗauka hatimin hukuma ne. Ma'anarsu kuwa ita ce, gaurayen tagulla da nikel da tutiya ne aka lulluɓe da siririyar azurfa ta hanyar lantarki, fasahar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Su kayan ba su yi ƙarya ba, domin sun faɗi abin da suke a jikinsu. Mai sayarwar ne ya ci amanar wadda ba ta san karatun alamar ba.

Tsohuwar azurfar Ingila ta gaskiya, wadda kashi 925 cikin 1000 na nauyinta azurfa ce, tana ɗauke da hoton zaki yana tafiya da ƙafarsa ɗaya ta gaba a ɗage, alamar da aka fara bugawa tun 1544. Kusa da zakin akwai alamar garin da aka gwada ƙarfen: kan damisa na Landan, anga ta Birmingham, kambin sarauta na Sheffield, wanda aka maye gurbinsa da fure a 1975. Sai harafi guda mai nuna shekara, da haruffan farko na sunan maƙerin. Kayan da aka yi tsakanin 1784 da 1890 galibi suna da ƙarin hoton kan sarki ko sarauniya, shaidar an biya haraji. Faransa tana buga hoton kan Minerva, wata gunkiyar Romawa, tun 1838, Jamus kuma jinjirin wata da kambi tun 1888, sau da yawa tare da lamba 800, wato kashi 800 cikin 1000 azurfa ce.

Ko an ga zakin ma, kada a saki jiki. Akwai masu zuba kwaikwayo daga cokali na asali, sai tamburan su fito a dushe, gefensu ba kaifi, saɓanin wanda aka buga da guduma. Akwai kuma masu yanko tambari daga ƙaramin cokali su liƙa shi a gindin babbar buta, don haka a duba ko akwai sawun liƙi kewaye da shi. Gwajin maganaɗisu da dillalai ke yawan yi a gaban mai saye bai tabbatar da komai ba, domin gaurayen ƙarfen EPNS ma ba ya kama maganaɗisu, kamar dai azurfar gaskiya.

Duk wanda aka yi wa irin wannan talla, ya nemi hoton tamburan a kusa kuma a fili, kada ya biya ko da kafin alƙalami sai maƙerin da shi da kansa ya zaɓa ya gwada kayan a gabansa. Mutumin da ya cuci yayata ya daina ɗaukar wayarta, amma jiya na ga ya sake ɗora hoton wani tire da labarin Baturen nan dai.