Modiodal: abin da na gani bayan wata takwas ƙanena yana shan sa

Ƙanena tela ne a Garwa da ke arewacin Kamaru, kuma kusan shekara huɗu barci yana kwashe shi da rana tsaka ba tare da sanarwa ba. Na taɓa shiga shagonsa da hantsi na tarar da goshinsa a kan keken ɗinki, ƙafarsa a kan mataki, shaddar mutane a ƙarƙashin allura. Wasu sun ce lalaci ne, wasu sun ce iska ce, wani ma'aikacin jinya kuma ya yi zaton ciwon barcin nan ne da ƙudan tsando ke kawowa, amma gwajin jini bai nuna komai ba. Sai da muka hau jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya bincike shi, sannan muka ji sunan cutar, wato nakolefsi. Wani likitan Faransa mai suna Gélineau ne ya raɗa mata wannan suna a 1880, kuma ga da yawa daga masu ita, asalinta ƙarancin wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa, oreksin, wanda aikinsa riƙe mutum a farke.

Maganin da aka rubuta masa shi ne Modiodal, ƙwaya mai miligiram 100, sinadarin cikinta modafinil. A Faransa aka ƙirƙiro shi, kuma Amurka ta amince da shi a 1998 da sunan Provigil. Likita ya fara masa da ƙwaya ɗaya da safe, daga baya ya ƙara masa ta biyu da tsakar rana, ya kuma ja masa kunne kada ya sha da yamma domin zai hana shi barcin dare.

A gaskiya magani ya yi aiki. Cikin mako biyu ya soma kai azahar idonsa biyu, kuma a ƙaramar sallar da ta wuce ya gama ɗinkin mutane a kan lokaci, abin da ya daɗe bai yi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne bai sauya masa hali ba, bai sa shi rawar jiki ko yawan surutu irin na masu shan ƙwayoyin ƙarfi na bakin tasha ba. Sai dai a kwanakin farko ya yi fama da ciwon kai da tashin zuciya, cin abincinsa ya ragu, kuma har yanzu yana ɗan kwantawa na minti ashirin bayan azahar kamar yadda likita ya umarta.

Akwai abin da maganin bai taɓa ba, kuma ya kamata mai karatu ya san da shi. Idan dariya ta kama ƙanena sosai, gwiwoyinsa sukan saki, haɓarsa ta faɗi, alhali yana jin duk abin da ake faɗa. Wannan ma daga cutar yake, amma modafinil ba ya magance shi, sai da aka haɗa masa da wani magani daban. Haka kuma ba ya warkar da cutar, ranar da bai sha ba barcin yana dawowa.

Batun haɗari shi ne ya fi damuna. Tun 2010 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi ga masu nakolefsi kaɗai, saboda yana iya jawo mummunan ƙurji mai saɓule fata, da rikicewar tunani, da hauhawar jini. Duk wanda ya ga ƙuraje sun feso masa bayan ya fara sha, ya dakata ya nufi asibiti a ranar. Mai hawan jini wanda bai daidaita ba da mai bugun zuciya marar tsari ba a ba su. Mata kuwa su sani cewa yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa, kuma ba a ba mai ciki saboda tsoron illa ga jariri. Saboda haka ban yarda ɗalibi ko direban doguwar hanya ya neme shi don kore gyangyaɗi ba.

Samunsa a nan arewa wahala ne, ga kuma tsada. Kantin maganin da muke hulɗa da shi sai ya yi odarsa, kuma sau ɗaya ya yanke mana har kwana goma sha biyu, ƙanena ya koma rufe shago da hantsi. Yanzu mukan kai takardar likita tun da sauran ƙwayoyin mako uku a hannu.