Sayen kunun zaƙi na gora a Kano: wanne za a zaɓa, kuma me ya sa na yau ba ya zama kamar na jiya?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin abin sha na walima, ko suna, ko buɗa-bakin masallacin unguwa a Kano, ya san cewa samun mai kunun zaƙi mai daɗi ba abu ne mai wuya ba, domin kusan kowane lungu akwai gidan da ake yi. Abin da ke da wuya shi ne samun wadda kunun da ta ba ka ka ɗanɗana ranar ciniki zai zo daidai da wanda za ta aiko maka ranar taro. A kan wannan ma'aunin zan auna abubuwan da ke gaban mai saye, kuma tun daga farko zan faɗi inda na karkata: kunun gero da aka haɗa da dankalin Hausa da ɗan tsiron hatsi, daga hannun mace ɗaya da aka sani, shi ne zaɓina.

Bari in fara sallamar waɗanda ba za su ɗauke mu lokaci ba. Lemun malt na kamfani, irin su Maltina da ta fito tun 1976, da Amstel Malta, da Malta Guinness, babu wanda ya kai su tsayuwa a kan ɗanɗano ɗaya, saboda an auna komai da na'ura kuma an dafa abin bayan an rufe shi don kashe ƙwayoyin da ke sa tsami, har gwangwanin da ka sha a Fagge ba ya bambanta da wanda za ka sha a Hotoro bayan wata uku. Sai dai tsadarsa ga taron mutum ɗari biyu ba wasa ba ce, zaƙinsa yana gundura, kuma akwai dattawan da ba sa son ganinsa a tabarmarsu don kamfanonin giya ne ke yin sa. Kunun aya yana da daɗi amma ba ya jure zafi ko na rabin yini. Zoɓo ba ya riƙe ciki. Kunun zaƙi na masara salam yake, kuma yana saurin rabuwa, ruwa a sama gari a ƙasa. Na jar dawa yana da kyan launi, amma baurin ɓawonta yana maƙalewa a harshe. Idan dole sai dawa, a nemi na kaura ko farfara.

Gero kuwa wani abu ne daban. Yana da gardin da sauran hatsi ba su da shi, yana karɓar citta da kanumfari da masoro ba tare da sun danne shi ba, kuma idan an yi shi yadda ya kamata yana da wani kauri mai santsi wanda ke bin maƙogwaro a hankali, ba ya tsinkewa kamar ruwa kuma ba ya kai nauyin koko. Launinsa toka-toka ne mai ɗan duhu, ba fari tas ba. Idan aka bar gorar ta zauna, ƙasa-ƙasan zai kwanta kaɗan, amma girgiza ɗaya ta isa ta mayar da shi yadda yake. A kurɓar farko zaƙi ne ke fara zuwa, sai ɗan tsami mai laushi ya biyo baya, sannan yajin citta ya rufe a can ƙarshen harshe. Na sha jin masu cewa kunun da ba shi da tsami ko kaɗan shi ne sabo kuma shi ne mai kyau, ni kuwa ban yarda ba, domin wanda bai kwana ba bai gama zama kunun zaƙi ba. Ɗanɗanon ɗanyen ƙullu yake yi.

Kafin mai saye ya gane dalilin da ke sa aikin mace ɗaya ya bambanta daga rana zuwa rana, sai ya san yadda ake yin abin. Ana jiƙa gero ya kwana, a wanke a rege tsakuwa, a kai markaɗe tare da kayan ƙamshi. Sai a raba ƙullun biyu: kaso mafi yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa a dama ya yi kauri kamar koko, ƙaramin kason kuma a bar shi ɗanye, a haɗa shi da markaɗaɗɗen dankalin Hausa ko tsiro, wato hatsin da aka jiƙa aka rufe har ya fito da saiwa sannan aka shanya. Idan dafaffen ya ɗan huce sai a zuba ɗanyen a ciki a juya, a rufe, a bar shi ya kwana, da safe a tace. A cikin dankalin da tsiron akwai wani sinadari da masana ke kira amiles, wanda aikinsa shi ne farfasa sitacin hatsi ya mayar da shi sukari, shi ya sa abin da aka rufe da kauri da dare ake buɗe shi da safe ya saki kuma ya yi zaƙi tun kafin a zuba masa sukarin kanti. Wannan sinadari yana aiki sosai ne idan zafin ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, kuma tafasa tana kashe shi. Saboda haka idan mai kunu ta yi gaggawa ta haɗa tun ana turiri, kunun zai kwana da kaurinsa babu zaƙi, idan kuma ta shagala har ya yi sanyi, tsami zai riga zaƙi isowa. Yawancin masu yi da bayan hannu suke auna wannan zafin, kuma a nan ne gwana take bambanta da 'yar koyo.

Dalilin da ya sa na fi son wadda ke haɗa dankali da tsiro tare shi ne, tsiron dawa shi kaɗai yana sakin kunu amma ba ya ba da zaƙi sosai, dankalin Hausa kuma yana da yalwar nau'in sinadarin da ke fitar da zaƙin. Wadda nake saye a wurinta yanzu tsiron alkama take sawa, irin alkamar da ake nomawa da rani a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga, kuma alkama tana da ƙarfin wannan aiki fiye da dawa, tana kuma ƙara wa kunun wani santsi da 'yar kumfa idan an girgiza. Ta ce mini kwano biyar na gero take yi a tashi ɗaya, ba ta ƙarawa ko da oda ta yi yawa, sai dai ta yi tukunya biyu. Wannan maganar ita ce ta sa na amince da ita.

Akwai kuma abubuwan da ba laifin kowa ba ne. Daren Afrilu a Kano, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ba ɗaya yake da daren hunturu na Janairu ba, don haka kwanan da ya isa kunu a lokacin sanyi ya yi masa yawa a bazara. Sabon geron kaka da ke shigowa kasuwar Dawanau daga wajen Satumba zuwa Oktoba yana da ƙamshin da tsohon gero na rumbu ba shi da shi, kuma wanda aka adana da maganin ƙwari wani lokaci warin yana bin sa har cikin gora. Injin markaɗe ma yana da nasa rabon: idan wadda ta riga mai kunun a layi attaruhu da albasa ta markaɗa, ko waken ƙosai, kuma yaron injin bai ɗauraye da kyau ba, baƙinka za su sha labarin a kununsu. Ruwan rijiyar burtsatse na wasu unguwanni yana da zartsi. Mai kunun da ta san aikinta tana gyara awonta gwargwadon waɗannan, kuma idan ka tambaye ta za ta iya gaya maka abin da ta sauya a wannan makon.

Ni dai na koyi wannan ne da kuɗina da kuma kunyata. Lokacin saukar Alƙur'anin babban ɗana, an yi mini kwatancen wata mai kunu, na je, ta ba ni gora ɗaya mai sanyi wadda har yau ban sha wadda ta fi ta ba. Na ce, "Hajiya, irin wannan nake so guda ɗari biyu, ranar Asabar da hantsi." Ta ce, "Malam, kada ka damu, hannu ɗaya ne." Na biya duka a take. Ranar Asabar aka kawo goruna a buhu, wasu sun kumbura, wasu da aka buɗe sai suka yi tsit kamar lemun kwalba, launinsu fari-fari, zaƙinsu kuma irin mai kaifin nan da ke barin ɗaci a baki. Daga baya na gane cewa tukunyarta ba ta wuce gora sittin, don haka ta fara yi tun ranar Alhamis tana tarawa a firijin da wuta ba ta zama a cikinsa, ragowar kuma ta ƙara ruwa ta cike da sakarin, wato sinadarin zaƙin nan da ake sawa a madadin sukari. Malaman da na gayyata suka kurɓa suka ajiye cikin ladabi, babu wanda ya ce uffan, kuma da sun yi magana da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni in tsaya a kan algus, domin shi ne ya fi komai yawa a wannan sana'a. Na farkonsu ƙarin ruwa ne, kuma shi ne mafi haɗari, saboda ruwan da ake damawa da shi ya tafasa, amma wanda ake ƙarawa bayan tata yawanci daga jarkar ɗan ga-ruwa yake zuwa kai tsaye, haka nan ƙanƙarar da ake jefawa a ciki ba wanda ya san ruwan da aka yi ta da shi. Mai ƙara ruwa dole ta nemi abin da zai rufe mata asiri, shi ne sakarin, wanda ya fi sukari zaƙi wajen sau 300. Ana gane shi da ɗacin da ke zuwa bayan an haɗiye, kamar an lashi ƙarfe, kuma idan ka ɗiga kunun a yatsa ka bar shi ya bushe ba za ka ji danƙon da sukari ke bari ba. Wasu kuma ba sa barin kunu ya kwana, sai su zuba garin ɗan tsami don ya yi kamar ya kwana. Tsamin irin wannan a gaban harshe yake tsayawa, yana kashe haƙora, ba ya narkewa cikin zaƙin. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitoci, wasu suna fitsarin jini, aka kuma rasa rayuka, bayan shan abubuwan sha da aka haɗa da wani gari da aka sayar a matsayin ɗan tsami, wanda hukumar NAFDAC ta bayyana cewa wani sinadari ne mai guba. Tun daga lokacin, duk mai kunun da na ga leda marar suna a kusa da tukunyarta, ba na komawa.

Sai batun gora. Da yawa daga cikin robobin da ake ɗura kunu a ciki an tsinto su ne daga wuraren biki da bola, an ɗauraye sama-sama. A duba zoben da ke ƙasan murfi: idan a yanke yake tun kafin ka murɗa, an taɓa amfani da gorar. A duba wuyan gorar ta ciki ko akwai baƙi-baƙi, a kuma shinshina murfin. Takarda mai launi da aka manna a jiki, da suna da lambar waya, ba ta tabbatar da komai game da abin da ke ciki, domin kowa yana iya bugo ta. Gorar da ta kumbura ta yi tauri, ko ta yi tsit da kumfa mai tashi idan an buɗe, alama ce cewa yis ya fara cin sukarin da ke ciki yana fitar da iska, kuma wannan ita ce hanyar da kunu ke bi ya fara komawa abin da Musulmi ba ya sha, tunda burkutu ma daga tsiron dawa take farawa. Irin wannan gorar zubarwa ake yi, ko da sanyinta ya kai na ƙanƙara.

Ga yadda nake yi yanzu idan zan yi oda mai yawa. Ba na yarda da gorar ɗanɗano da aka miƙo mini ranar ciniki. Ina aika yaro ya sayo mini gora ɗaya a ranaku uku daban-daban cikin mako biyu, ba tare da ta san ni ne ba, kuma ina shan rabin kowacce da sanyinta, rabin kuma bayan ta huce, domin sanyi yana ɓoye tsami da ɗacin sakarin. Idan ukun sun yi kusa da juna, sai in je da kaina in tambayi kwano nawa take yi a tashi ɗaya, da gora nawa yake fitar mata, da irin ruwan da take tacewa da shi. Idan abin da nake so ya fi ƙarfin tukunyarta, ina raba odar tsakanin mata biyu maimakon in tura ta ga fara yi tun kwana biyu kafin taro. Ina sayen sababbin goruna da murafunsu da kaina in kai mata, ina kai sukarin, in ce a rage shi kaɗan don wanda ya so ya ƙara. Rabin kuɗi nake bayarwa, ragowar sai an kawo, na zaro gora uku daga tsakiyar buhu na buɗe a gaban ɗan aiken. Kuma ina sharaɗin cewa a tace da asubar ranar taro, a kawo kafin ƙarfe goma, a binne gorunan cikin ƙanƙara daga waje ba tare da an buɗe ko ɗaya ba.