Linux Mint a tsohuwar laftof ɗina: ƙ da ɗ ne suka saye ni

Ni fa ba sha'awa ce ta kai ni Linux Mint ba (wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows), dole ce. Tun da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 nake zaman ɗar-ɗar. Laftof ɗina 'yar kwatano ce, tsohuwar Core i5, ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sabuwa kuwa kun san yadda kasuwa take. Ƙanena da ke karatun kwamfuta ne ya zo da filashi ya ce, "Yaya, kawo in sa maka Mint 22, kyauta ne, kuma za a ci gaba da kula da shi har 2029." Na ce to, amma in aikina ya tsaya shi zai ciyar da gidan.

Da ta tashi sai na ga ba baƙon wuri na shiga ba. Fuskar da suke kira Cinnamon an shirya ta yadda hannu ya saba: menu a ƙasa ta hagu, agogo da batir ta dama, ka buga harafi biyu na sunan manhaja ta fito. Ko minti goma ban yi ina lalube ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan daban ne. Sana'ata buga takardu ce, kuma akwai wani dattijo da ya kawo min littafin rubutun hannunsa, tarihin unguwarsu, shafi sama da 40, duk da Hausa. Shekaru ina da wani fayil da na ajiye ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a ciki, duk inda na zo kansu sai in je in kwafo in manna. In na gaji kuwa sai in wuce da k da d kawai, wa zai duba? To wannan dattijon yana dubawa. Ya ɗaga gilashinsa ya nuna min layi da ɗan yatsa: "Yaro, ƙafa daban, kafa daban. Ka ce sarki ya kasa, alhali ƙasa na rubuta." Na ce, "Allah gafarta Malam, za a gyara," gumi na keto min.

A daren na shiga saitin kibod ina neman mafita, na danna alamar ƙari, na rubuta Hausa. Sai ga ta: Hausa ta Najeriya, har da ta Gana a jere. Ban sauke komai ba, ban kashe data ko ta sisi ba. Na zaɓa, 'yar alama ta fito kusa da agogo, in danna in koma Turanci, in danna in dawo. Kwana biyu na yi ina koyon inda haruffan suke, na manna 'yar takarda a gefen allo, a rana ta uku na yage ta. Da Malam ya dawo kuma idonsa bai ganin ƙananan rubutu, na shiga wajen saitin haruffa na ƙara girmansu, komai na allon ya buɗe lokaci guda, ya zauna kusa da ni muna gyarawa tare har la'asar. Wallahi ranar na ji daɗin sana'ata.

Sabuntawa ma sai lokacin da na ga dama. 'Yar garkuwa ce ke fitowa a ƙasa ta sanar da ni, in ina da data kuma akwai wuta in danna, in babu ta jira.

To amma kada in cika yabo. Sai da muka gama aka zo kan firinta, a nan ne raina ya ɓaci. Bugawa ta yi lafiya lau, ina jona waya ta gane ta, amma ɓangaren sikanin ya ƙi ƙememe, domin kamfanin da ya ƙera ta bai damu ya yi wa masu Linux direba ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar. Hotunan da Malam ke so a sa a littafin sai da na kai shagon maƙwabcina, na biya kuɗi a kan abin da nake da injinsa. Ƙanena ya zo ya buɗe wani baƙin allo yana ta buga umarni kusan awa biyu, a banza. Ga kuma manhajar da muke zana katin biki da ita, ba a yi ta don Linux ba sam, ga lokacin bukukuwa ya matso.

Don haka in katin aure da kalanda ne abincinka, kada ka goge abin da kake da shi saboda maganata, ka fara gwada shi daga kan filashi tukun, yana tashi ba sai an girka ba. Ni dai rubutu ya fi yawa a aikina, na zauna a nan. Sikana ce har yau take kallona ina kallonta, kuma na gaya wa ƙanena kuɗin da nake kai wa maƙwabci a alawus ɗinsa zan riƙa cirewa.