Kai Wasanka Linux, Mac ko Waya: Me Za Ka Biya, Wanne Za Ka Fara?

Yawancin matasanmu da ke haɗa wasannin kwamfuta a Riyadh, Jidda da Makka da Windows suke farawa, kuma suna da hujja: sama da kashi 90 cikin 100 na masu wasa a Steam, babban shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, a kanta suke. Rigimar takan taso ne idan aiki ya kai rabi. Wannan ya ce a kai shi Mac, wancan ya ce ai kuɗin yana waya. Tun da Saudiyya ta ƙaddamar da tsarinta na bunƙasa harkar wasanni a Satumbar 2022, kowa so yake ya nuna wasansa na tashi a kowace na'ura. To amma fitar da fayil ɗin wasa shi ne ƙaramin aiki. Kuɗin yana tafiya ne a na'urar gwaji, da rajista, da watannin da za ka yi kana amsa ƙorafin masu wasa. Duk na'urar da ba ka da ita a hannu don gwaji, kada ka yi alkawarin fitar da wasa a kanta.

Injin da ka gina wasan da shi, wato manhajar haɗa wasa irin su Godot, Unity ko Unreal, ya riga ya yanke rabin hukuncin. Godot kyauta ne gaba ɗaya, ba ya karɓar ko sisi daga cinikinka, kuma yana fitarwa zuwa Windows, Linux, macOS, Android da iOS. Inda yake da rauni shi ne PlayStation, Xbox da Switch, don sai ka bi ta wani kamfani kamar W4 Games. Unity kyauta ne muddin kuɗin shigarka na shekara bai wuce dala 200,000 ba. Daga nan sai lasisin Pro, wanda ya haura dala 2,000 a shekara ga kowane mutum ɗaya. Unreal ba ya taɓa ka sai wasan ya haura dala miliyan ɗaya, sannan ya karɓi kashi 5, amma yana da nauyi, kuma ƙaramar waya tana shan wuya da shi. Idan aikinka ya yi nisa, kada ka sauya inji saboda Mac ko Linux. Dukansu ukun suna iya wannan.

Wurin da suka bambanta sosai ga mai sayarwa a Saudiyya shi ne rubutun Larabci. Godot 4 da Unreal suna haɗa haruffa su jera su daga dama zuwa hagu da kansu. TextMeshPro, manhajar nuna rubutu ta Unity, kuwa yakan fito da su a rarrabe kuma a juye, sai ka ƙara masa wata manhajar gyara. Sannan ka sa nau'in haruffanka a cikin wasan, kada ka dogara da na kwamfuta. Arial da ke Windows ba lallai ka same shi a Linux ba, kuma nau'o'i da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai ka ga akwatuna a tsakiyar jimlar Hausa.

Linux: Proton ko bugu na musamman

Nan ne mafi araha, kuma hanya biyu ce. Ta farko ita ce ka bar bugun Windows yadda yake, Proton, manhajar da ke buɗe wasannin Windows a Linux, ya tafiyar da shi. Valve, kamfanin da ke da Steam, ta fito da Proton a 2018, kuma yana juya umarnin DirectX, tsarin zanen Windows, zuwa Vulkan, tsarin zanen da Linux ke ganewa. Da shi Steam Deck, na'urar wasa ta hannu mai aiki da Linux wadda ta fito a 2022, take tafiyar da yawancin wasanninta. Ba ka biyan komai bayan dala 100 (riyal 375) na sa wasa a Steam, waɗanda ake maido maka idan cinikin ya kai dala 1,000. Abubuwa uku ne suka fi lalacewa a nan. Bidiyon cikin wasa da ya dogara da Media Foundation na Windows yakan ƙi fitowa, maganinsa ka mayar da shi tsarin bidiyo na VP8 ko VP9. Manhajar hana maguɗi irin su Easy Anti-Cheat da BattlEye suna aiki, amma sai kai mai wasan ka kunna musu izini. Na uku shi ne ƙaramin taga mai buɗewa kafin wasa ya fara, wanda ba a iya dannawa sai da linzami. A Steam Deck wannan ciwon kai ne. Ka kuma duba rubutunka a allon 1280 da 800, don abin da ke karantuwa a babban allo a nan ƙwayar gero yake komawa.

Hanya ta biyu ita ce bugun Linux na kansa. Ya fi tsafta, amma ya zama yaro na biyu da za ka riƙa ciyarwa: duk gyaran da ka yi wa na Windows sai ka sake gwada shi a nan. Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, don haka idan fayil ɗin "Doki.png" ne kai kuma ka rubuta "doki.png", Windows zai yi shiru, Linux kuwa ya ce babu. Alamar raba folda ma ba ɗaya ba ce. Kuma idan ka gina wasan a kan sabon Linux, tsofaffi za su ƙi buɗe shi saboda bambancin glibc, wata manhajar tushe da shirye-shiryen Linux ke dogara da ita. Shi ya sa ake ginawa a cikin Steam Linux Runtime, muhallin bai-ɗaya da Valve ta tanada don haka. Ga ƙungiyar mutum biyu ko uku, Proton ya wadatar. Bugun Linux da aka saki aka manta da shi ya fi rashinsa muni.

Mac: nan ake fara zaro kuɗi

Sai ka mallaki Mac. Mafi sauƙin kuɗi shi ne Mac mini mai guntun M, sabo daga shagunan Jarir ko Extra, ko na hannu a kasuwar intanet ta Haraj. Mai Intel kada ka saya komai arharsa, domin Apple ta sanar cewa macOS 26 ne na ƙarshe da zai tafi a kansu. Ana iya hayar Mac ta intanet don gina wasa, amma ba za ka ji yadda fad, wato abin sarrafa wasa da ake riƙewa a hannu, ke amsawa ko yadda na'ura ke zafi ta nan ba.

Sai rajistar Apple, dala 99 duk shekara, kusan riyal 371. Da ita ake sa wa wasa hannu a aika wa Apple ta tantance shi; in ba haka ba, tun daga macOS Catalina na 2019, mai saye zai ga gargaɗi maimakon wasa. Babban aikin yana wajen zane. Babu DirectX a Mac, tsarin zane na OpenGL kuma ya tsaya a bugu na 4.1 kuma Apple ta daina kula da shi tun 2018. Saura Metal, tsarin zane na Apple, ko Vulkan ta hanyar MoltenVK mai juya shi zuwa Metal. Inji zai juya maka yawancin abubuwa, amma lissafin haske da inuwa da ka rubuta da hannunka shi ke fara karyewa. Ka kuma bincika kowace ƙarin manhaja da ka saya: in fayil ɗin DLL da aka gina wa Windows kaɗai ta zo da shi, a Windows za ta tsaya.

Waya: kusan sabon wasa ne

Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, wajen riyal 94. Sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwajin sirri da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya saki wasa, don haka ka tanadi mutanenka tun da wuri. iPhone kuma yana shiga cikin rajistar dala 99 ɗin nan, amma sai da Mac da Xcode, manhajar Apple ta gina manhajoji. Duka shagunan biyu suna da tsarin karɓar kashi 15 daga ƙananan masu sayarwa, Steam kuwa 30.

Rajistar ba ita ce tsadar ba. Maɓallan madannai sai sun koma taɓa allo, rubutu ya ƙara girma, hotunan da aka matse da tsarin BC na kwamfuta a sake matse su da ASTC ko ETC2, kuma wasan ya iya ajiye inda aka tsaya idan kira ya shigo. Ka sayi waya mai rauni, mai ram giga 3 ko 4, ba irin ta aljihunka ba. Ka gwada minti 30 a ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki, don a zafin Yuli na Makka waya tana rage gudu da kanta idan ta ɗau zafi, abin da gwajin minti biyar ba zai nuna maka ba.

In za ka ba wani kwangila

Wannan yana da amfani idan injin naka ne ka rubuta da C++ a kan DirectX, domin sai an sauya ɓangaren taga, sauti da fad zuwa wani abu kamar SDL, wanda ke aiki a duk waɗannan na'urorin, a kuma sake ɓangaren zane. Masu wannan aiki sukan karɓi kuɗi a dunƙule ko kaso daga ciniki. Ko wanne ka zaɓa, a rubuta cewa gyaran zai shiga cikin ainihin kod ɗinka, ba wani reshe da ke hannunsu ba, a faɗi sunayen na'urorin da za a gwada a kai, da adadin watannin gyara bayan fitowa. Asusun Apple da Google da makullan sa hannu su kasance da sunanka. Kuma kada a fara kafin tsarin wasan ya zauna, don duk matakin da ka sauya bayan nan sau biyu za ka biya kuɗinsa.