Ciwon Dajin Muƙamuƙin Kare: A Yanke Kawai Ko A Sake Gina Ƙashin?

Masu karnukan gadi a unguwannin Barnawa da Malali na Kaduna sun sha yi mini wannan tambaya.

Yanke ɓangaren da ya kamu ya fi sauƙin kuɗi, kuma yawancin karnuka kan koma cin abinci. Sai dai harshe kan leƙo gefe, miyau na zuba. Na ga wani karen da aka yanke wa yana lasar tuwo da romo hankalinsa kwance, har na ji sanyi a raina.

Sake gini da ƙarfen titaniyom, irin na Jami'ar Kalifoniya ta Davis da ke Amurka, yana daidaita cizo. Amma akwai tsada, kuma ƙarfen kan iya huda dasashi.

Mai ƙaramin ƙarfi ya nufi asibitin dabbobi na ABU Zariya a duba batun yankewa. Gini na mai hali ne, in ciwon bai bazu ba.